Neman Hoto Ɗaya da Inna

Daga Damba zuwa tasha

Ana idar da sallar asuba na rataya jaka na yi wa maiɗakina Hadiza sallama a gidanmu da ke Damba, cikin Gusau. Ta biyo ni har bakin ƙofa tana dariya, wai mutum da furfurarsa zai ratsa garuruwa saboda hoto ɗaya, alhali ga waya a aljihunsa. Na ce ta bar ni da haukata, ai ta san da ita ta aure ni. A cikin jakar akwai kayan sawa kala ɗaya, da turmin atamfa na tsaraba, da maɗori mai ƙafa uku, sai kuma ita uwar tafiyar, wato tsohuwar kyamarata mai ido biyu, irin wadda ake riƙewa daidai ciki a sunkuya a leƙa ta sama. Ba ta da batir, ba ta da allo. Fim ake sa mata, kuma hoto goma sha biyu kawai fim ɗin yake ɗauka. Wajen wani tsohon mai hoto da ya rufe shagonsa a kasuwar Gusau na saye ta, haɗe da kayansa na wankin hoto, kuma tun daga nan duk ranar da babu ofis ina yawo da ita. Fim ɗin da ke cikinta a ranar shi ne na ƙarshe da ya rage mini. Wanda na yi oda daga Legas kullum ana ce mini yana hanya.

Bari in faɗa wa mai karatu abin da ya fitar da ni, don kada ya ɗauka yawon shan iska ne. Ni ɗan fari ne. Mahaifiyata, Inna, Bafulatana ce ta gaske, tana zaune a Bungudu, kuma tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da ni ba, ban taɓa kama ta tana kallon fuskata ba. Ana yaye ni aka kai ni Tsafe wajen yayar babana, Gwaggo Mairo, ita ta riƙe ni har na zama mutum. Har gobe idan Inna za ta yi maganata sai dai ta ce "mutumin Tsafe". Na ɗauki hoton kowa a danginmu, na ɗauki masu awon hatsi da 'yan kabu-kabu da shanun mutane, amma ba ni da hoto ko ɗaya ni da uwata.

Da bazarar bana ta kwanta ciwo har muka fara cire rai. Duk sanda na shiga ɗakin asibitin sai ta ja mayafi ta rufe fuska, dole nake komawa waje in zauna a benci kamar ɗan maƙwabta. Allah ya tashi kafaɗunta, amma abin ya ci mini rai ƙwarai. A kan bencin nan na ɗaukar wa kaina alkawari cewa kafin ɗayanmu ya bar duniya sai mun zauna a hoto ɗaya. Mutum ɗaya ce Inna ba ta iya yi wa musu, ita ce Gwaggo. Shi ya sa tafiyar Bungudu ta fara da Tsafe, duk da ba hanyarsu ɗaya ba.

Ɗan kabu-kabu ya sauke ni a tasha gari bai gama wayewa ba. Mota ta cika da wuri, amma direba ya kashe ta ya je ya zauna wajen mai shayi. Da na yi masa magana sai ya ce, "Alhaji, yi haƙuri. Ba mu tashi sai mun ga motar Tsahe ta shigo lahiya." Babu wanda ya yi ƙorafi, don kowa ya san halin da hanyar take ciki a shekarun nan. Na sayi koko da ƙosai na karya. Rana ta ɗan ɗago sai ga motar farko ta shigo, fasinjojinta suna hamma, mu kuwa muka yi addu'a muka kama hanya.

Kwatarkwashi

Damina ta yi kyau. Gero ya fara fitar da kai, dawa ta yi baƙi ƙirin don ƙoshi, ga dutsen Kwatarkwashi can a gabanmu da ɗan gajimare a wuyansa. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, amma na danne zuciyata na ce ba don kai na fito ba yau.

A wani shinge kusa da garin aka tsayar da mu. Wani jami'in tsaro ya leƙo, idonsa ya faɗa kan ƙarafa uku da suka leƙo daga bakin jakata, nan take ya ce in sauko da kayana. Ban ga laifinsa ba. A wannan zamani, ko ni ne na ga ƙarfe mai tsawo a jakar baƙo sai na tambaya. Na ware maɗorin na kafa masa shi a bakin titi, ya gamsu. Sai ya ɗauki kyamarar yana juya ta, ya ce in buɗe bayanta ya ga abin da ke ciki.

Idan aka buɗe bayan kyamarar nan da rana, haske zai ƙone fim ɗin gaba ɗaya, tafiyata ta ƙare ke nan a bakin titi. Na yi masa bayani, ya ce shi bai san wannan zance ba. Fasinjoji suka fara tsaki, wata mata ta ce in buɗe mana mu tafi, tana da awo a asibiti. Na ce mata Hajiya ki yi haƙuri, ko za a kwana a nan ba zan buɗe ba. Sai dabara ta zo mini. Na ɗaga murfin sama na ce ya sunkuya ya leƙa. Yana leƙawa ya ga abokin aikinsa a cikin gilashi yana tafiya, amma hagu ta koma dama. Ya kwashe da dariya, ya kira shi shi ma ya zo ya gani. Daga nan fa magana ta canza, ya gyara hula ya ce in ɗauke shi. Na ɗauke shi ina jin zafin asarar a raina. Ya matso ya ce, "To mu gani." Na ce sai an wanke. Ya dube ni da tausayi ya ce in shiga mota, Allah ya hore mini in sayi ta zamani.

Tsafe

Kafin hantsi ya yi zafi muka shiga Tsafe. Gidan Gwaggo yana bayan kasuwa, gidan da na taso na yi ƙiriniya a cikinsa. Na same ta a gindin dalbejiya tana tsinkar zogale. Ta tsufa, gwiwoyi sun ƙi, amma bakin nan yana nan yadda na san shi. Ta yi mini tsiya a kan tumbina, ta yi mini tsiya a kan Hadiza ba ta aiko mata da yaji ba, sannan ta sa aka kawo mini hoce, wato gurasar dawa, da fura mai sanyi. Sai da na ci na sha na faɗi abin da ya kawo ni.

Ta ajiye tiren zogalen ta daɗe tana kallona. Ta ce ashe har yanzu ban yi hankali ba. Ta ce matar da ta kai waɗannan shekaru tana riƙe da kunyarta, ni ne zan je in ƙure ta a gaban jikokinta saboda takarda? Ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba, na lokacin da na yi ƙyanda ina ƙarami. Wai Inna ta taso daga Bungudu da goyo, ta zo ta yi kwana da kwanaki a zauren gidan nan tana tambayar lafiyar masu gida ɗaya bayan ɗaya, ba ta tambayi tawa ba, ba ta kuma shiga ɗakin da nake kwance ba, sai da ta ji na nemi abinci sannan ta koma.

"Kunya ce, Bello, ba ƙiyayya ba," in ji Gwaggo.

Na ce, "Na sani, Gwaggo. Amma ranar da babu ita, me zan ɗauko in duba?"

Ta ce ita dai ba za ta je ba. Ni kuma na ce to na zo ke nan, ba zan koma Gusau ba sai da ita, ofis su nemi wani. Na cire babbar riga na gyara mata ƙyauren ɗaki da ya daɗe yana jan ƙasa, na share kwatar da ruwan sama ya toshe, duk inda ta juya ina nan. Da la'asar haske ya yi laushi na ɗauke ta hoto tana tankaɗe, tana zagina tana gyara ɗankwali. Ta ce tun ina yaro haka nake, idan na kafe a kan abu sai an ba ni ake samun barci a gidan. Na ce ai ita ta raine ni.

Na kwana a ɗakin zaure ban san matsayina ba. Da safe ina dawowa daga masallaci na tarar da ita zaune a bakin ƙofa, ta yafa mayafinta na unguwa, ga ƙullin kaya a gefe, ga sanda. Ta ce, "Tashi mu tahi tun ban sake shawara ba. Amma ka sani, in ta ƙiya, ba ni matsa mata."

Daga Tsafe zuwa Bungudu

Na nema wa Gwaggo gidan gaba ita kaɗai saboda ƙafafunta. Tun daga Tsafe har Gusau tana yi wa direba faɗa a kan gudu, shi kuma yana cewa to Hajiya, yana ƙara taka mota. A shingen jiya mutumina ya hango ni ya ɗaga hannu yana tambaya ko an wanke. Na ce saura kaɗan.

A Gusau muka sauka muka ɗauki Keke zuwa inda motocin hanyar Sakkwato suke lodi. Gidana yana nan kusa, amma ban yarda mun biya ba, don na san idan Gwaggo ta zauna ta miƙe ƙafa ita da Hadiza, an gama tafiya. Na saya mata gasasshiyar masara ta riƙe, ta ce da wane haƙorin za ta ci, ta kuma cinye ta tas kafin mu fita gari. Bungudu ba nisa, kafin mutum ya gyara zama an iso. Abin da ya dame ni shi ne gabas. Tun muna hanya na ga hadari yana haɗuwa, kuma mai kyamara irin tawa ba shi da fitila sai rana.

Bungudu

Ƙanwata Asabe, wadda take zaune da Inna tana kula da ita, ita ta tarbe mu. Inna ta fito daga ɗaki a hankali tana dafa bango. Ta rame ƙwarai, har sai da na kawar da kai. Ta durƙusa ta gaida Gwaggo kamar amaryar jiya. Ni kuma na tsuguna daga nesa na gaishe ta, ta amsa tana kallon randa. Sannan ta tambayi Gwaggo ko mutumin Tsafe ya baro iyalinsa lafiya, ni ina tsugune a wajen.

Bayan azahar aka ci tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, sai Gwaggo ta ja Inna ɗaki suka sakaya labule. Na kafa maɗori a tsakar gida, na shimfiɗa tabarma inda haske ya fi kyau, na auna nisa, na gyara komai. Shiru ba su fito ba. Iska ta taso, kaji suka shige akurki, gari ya yi duhu kamar magariba. Asabe tana kwashe shanya tana ce mini Yaya ka haƙura mana, ka dawo wani lokaci. Na ce wane lokacin? Wa ya ba ni tabbacin wani lokacin? Yayyafi ya fara sauka, na kinkimi kayana na koma ƙarƙashin rumfar kwano da ke ƙofar ɗakin Inna, na sake shimfiɗa tabarmar a nan.

Daga nan nake jin maganarsu sama-sama. Muryar Inna ba ta fita, sai ta Gwaggo. Na ji ta ce, "Ni na sha wahalar rainonshi, ban taɓa roƙonki komi ba. Yau na roƙa."

Asabe ce ta shiga ta fito mini da sharuɗɗa. Inna ta yarda, amma sau ɗaya tak. Za ta zauna a ƙarshen tabarma, kuma bango za ta kalla, ba ni ba, ba na'urar ba. Na ce na karɓa. Ko ƙeyarta ce ta fito, na karɓa.

Matsalar ita ce hasken. Ruwa ya kece sosai, ƙarƙashin rumfar kuwa duhu ne. Na buɗe idon kyamarar iya buɗewarsa, duk da haka sai an bar shi a buɗe daƙiƙa guda cur kafin hoto ya kama. A wajen mai hoto daƙiƙa guda tafiya ce mai nisa, domin duk abin da ya motsa a cikinta zai fito kamar hayaƙi. Na yi wa Asabe bayani da ƙarfi yadda Inna za ta ji. Na ce akwai wani ɗan ƙarfe da zan ja, na'urar za ta yi ta ƙara kamar gyare har in zo in zauna, sannan za a ji ƙas, a ɗan jima a sake jin ƙas. Tsakanin ƙas ɗin nan biyu kada wanda ya motsa.

Inna ta fito da farin mayafi ta zauna a bakin tabarma, ta juya fuskarta bango. Na sunkuya na leƙa gilashi, na daidaita a kan kunnenta da ɗan zoben azurfar da ke jiki. Na ja ƙarfen, na taka da sauri na zauna a ɗaya bakin. Tsakaninmu mutum biyu za su zauna su sake. Amma tabarma ɗaya ce, kuma ina jin ƙamshin man shanu da turaren wuta daga mayafinta, ƙamshin da ban taɓa kusantarsa haka ba tun da na yi wayo. Na ƙura wa idon kyamarar ido, na riƙe numfashi, ƙwalla tana neman zubowa ina hana ta. Ƙarar ta tsaya. Ƙas. Ruwa yana dukan kwano. Ƙas.

Kafin in sauke numfashi Inna ta dafa bango ta miƙe ta shige ɗaki. Akwai sauran fim, kuma duk mai hoto ya san ba a dogara da ɗauka ɗaya a irin wannan duhu. Na buɗe baki zan roƙi ƙari, Gwaggo ta harare ni daga kan kujerarta ta ce, "Guda aka ce."

Ruwa yana tsagaitawa na yi haramar tafiya, don motoci ba sa kai yamma a hanya. Gwaggo ta ce za ta kwana biyu a nan ta huta da ganina. Asabe ta biyo ni zaure da kwalbar man shanu da ƙullin daddawa, ta ce Inna ta ce a kai wa yaran Gusau.

Gida

Na iso Damba ana kiran la'asar. Ba a wanke fim sai an ƙare shi, ni kuwa ba ni da haƙurin jira, don haka ragowar na ƙarar da su a kan akuyar maƙwabta da shanyar Hadiza da wani mai gyaran taya a bakin layi. Washegari na kira ofis na ce ina da uzuri. Na shiga banɗaki, wanda shi ne ɗakina na wankin hoto, na toshe taga da kwali, na rataya bargo a ƙofa. Na haɗa magunguna da ruwan randa saboda ba sa son zafi. Na wanke fim ɗin ina bismilla a kowane juyi, na shanya shi ya bushe, sannan na kunna jar fitila na buga hoton Bungudu a takarda.

Takardar tana cikin ruwan magani hoton ya fara tasowa. Tabarma ta fito har ana ƙirga saƙarta. Na fito ni ma, a sandare kamar wanda aka kama da laifi. Hannun Inna ya fito a kan gwiwarta, da jijiyoyinsa, da zobenta. Amma fuskar ta tafi. Wani farin hayaƙi ne kawai a saman mayafin. Ta motsa.

Na fito tsakar gida da jiƙaƙƙiyar takarda na zauna a kan turmi. Raina ya ɓaci iya ɓaci, har na ji haushin Inna, abin da ban taɓa ji ba. Na ce abu ɗaya na roƙa a duniya, daƙiƙa ɗaya, shi ma ba a ba ni ba. Hadiza ta bar wanke-wanke ta goge hannu ta karɓi hoton. Ta kai shi bakin haske ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambaye ni ina Inna take kallo lokacin da na zauna. Na ce bango mana, ai shi ne sharaɗin.

"To zo ka duba da kyau," in ji ta.

Na ɗauko gilashin da nake duba fim da shi na ɗora. A cikin hayaƙin nan fuska biyu ce, kowacce dishi-dishi. Ɗaya tana kallon bango. Ɗayar ta juyo gaba ɗaya, ga hancin, ga inuwar idon, kuma ni take kallo. Ta san idona yana kan na'ura, ta san na ce ba zan motsa ba, sai ta saci kallona a daidai lokacin da ta tabbata ba zan gani ba. Na daɗe a sunkuye a kan takardar nan. Hadiza ta koma wajen wanke-wankenta ta bar ni, kuma na gode mata da hakan.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya a hanyar da ba kowa yake dawowa ba. Na gode wa Gwaggo Mairo da gwiwoyinta, da direbobin da suka yi haƙuri da faɗanta, da jami'in da bai buɗe mini kyamara ba, wanda hotonsa ya fito tsaf kuma zan kai masa.

Da yamma Asabe ta kira. Bayan gaisuwa ta rage murya ta ce Inna ce take tambaya, wai ko abin mutumin Tsafe ya fito. Ina jin motsin mutum kusa da wayar. Na dubi hoton a hannuna. Na san idan ta ji abin da na'urar ta kama, ba za ta sake iya zama ko a tsakar gida ba idan na zo.

Na ce, "Ki ce mata ya fito. Tana nan tana kallon bango, yadda ta ce."

Na ji Asabe ta maimaita mata. Sai daga can nesa na ji muryar Inna ta ce, "To, madalla."